Maƙwabcin da Maharazu Ya Ƙaryata

Rana ta sunkuya bayan gonakin shinkafa, kwaɗin kanal ɗin ban-ruwa sun fara kuka. Maharazu yana tsakar gida da madubi a hannu, yana gyara karin sabuwar hularsa. Asabar mai zuwa za a buɗe ofishin ƙungiyar manoman rani, kuma shi aka yi wa alkawarin riƙe makullai. A ganinsa ma an makara wajen gane darajarsa.

Sai wani abu ya faɗo kan kwanon ɗaki. Wani ya sake faɗowa, ya gangaro har gaban tabarmarsa. Gutsuren bulo ne, gefensa da farin fenti, irin wanda aka shafa wa sabon ofis.

Shekara goma sha tara Maharazu yana gadin tsohon siton shinkafa da ke hanyar Bunkure. Tun da aka daina aiki da shi, ya mai da lungun ciki wurin ajiyar albasarsa, ba da sanin kowa ba. Don kada a leƙa, ya baza cewa akwai aljanu. Kullum da almuru yakan tsaya a ƙofa ya rangaɗa sallama, yadda masu dawowa daga gona za su ji su ƙara sauri.

Da ƙungiya ta karɓi ginin don mai da shi ofis, aka shirya fasa bango a sa tagogin gilashi, a jera sola a rufi, a kafa tankin tara ruwan sama. Leburori suka ƙi shiga. Maharazu kuwa ya riga ya hango kujera da fanka, sai ya miƙe gaban kwamiti ya rantse babu kowa a ciki, shi ya ƙirƙiri zancen. Aka yi dariya, aka yaba wayonsa. Ya ji daɗi har kunne.

Yanzu ga jifa. Matarsa Bilkisu ta kira 'yarsu Rauda, wadda ke wanke-wanke a bakin rijiya, ba ta amsa ba. Tana tsugune, hannu cikin ruwa, ta kafe uban da ido. Daga ranar, kwana uku ba ta ci ba, ba ta yi magana ba. Kullum da almuru ya yi, sai jifa ya dawo.

A na huɗu aka ɗauko Malam Iliyasu daga Garun Mallam. Bayan magariba ya zauna daura da yarinyar, ya yi ta karatu a hankali har kaji suka gama hawa. Sai bakin Rauda ya buɗe, muryar tsoho ta fito, a gajiye.

"Shekara goma sha tara yana yi mini sallama, ina amsawa."

Maharazu ya ce ai shi wasa yake yi.

"Ban san wasa ba ne. Maharazu, ɓera ɗaya ya taɓa cin albasarka?"

Malam ya juyo ya tambaya wace albasa ce. Bilkisu ta sunkuyar da kai. Maharazu ya ji takaici ya kama shi: a ce wanda ka ɗaukaka sunansa daga Kura har Bunkure shi zai tona ka a gaban baƙo.

Muryar aljanin ta ci gaba. An fasa masa bango ba a yi masa sanarwar kwana uku ba, kamar yadda ake yi kafin a taɓa tsohon gini. Haske ya cika ko'ina, babu lungun da za a raɓa. Duk wannan ya haƙura. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne rantsuwar da aka yi cewa ba ya nan.

Malam ya ce yarinya ba ta da laifi, kama ta zalunci ne, kuma ba yanka, ba turare. Muryar ta ce ba ta nemi ko ɗaya ba. Zai koma tsohon ɗakin famfo da ke bakin kanal. Sharaɗi ɗaya ne: Maharazu ya tsaya gaban mutanen da ya rantse wa, ya janye rantsuwar.

Maharazu ya dubi hular da ke kan tabarma. Ya dubi leɓen Rauda da ya bushe ya tsage.

"Na yarda," ya ce.

Rauda ta yi atishawa sau uku, ta nemi ruwa.

Ranar Asabar, cikin iska mai ratsa sababbin tagogi, ya faɗi komai har albasar. Kwamiti ya ce mutumin da ya yi ƙarya, sannan ya yi ƙaryar cewa ƙarya ya yi, ba a damƙa masa makullai. Aka ba wani ɗan ƙungiya, Mudassiru. Shi kuwa Maharazu aka bar masa bencinsa na bakin ƙofa.

Har yau, in ya tashi aiki da almuru, yakan ratse ta ɗakin famfo. Sai ya waiga ya tabbata ba kowa, sannan ya yi sallama ƙasa-ƙasa. Ruwa kawai yake ji yana wucewa. Ya dawo gida yana gaya wa Bilkisu bai taɓa ganin mai riƙo irin wannan ba, bayan duk abin da ya sadaukar.

Bana ya shanya albasa a zaurensa. Ɓeraye sun cinye rabi.