Dutsen Bakin Famfo

A bayan gonar da Sadisu yake gadi, wajen Sabha ta ƙasar Libiya, akwai tarin duwatsu da mai gonar ya ce kaburburan mutanen dauri ne. Can Sadisu ya ɗauko wani faffaɗan dutse mai kwarmi, ya ajiye a bakin famfo, yana gugar kaushin ƙafarsa a kai.

Ran nan bayan isha'i, yana cikin gugar, sai ya ji ƙamshin sabon gari. Wata tsohuwa ce tsaye a kansa, ko sallama babu.

"Sannu, Inna. Ruwa kike so?"

"Ɗana," ta ce, muryarta kamar daga cikin rijiya, "a garinku, dutsen da uwa take niƙa wa 'ya'yanta, ƙafa ake ɗora masa?"

Sadisu ya tuna na mahaifiyarsa a Tasawa, wanda ko tsallake shi ba a yi. Ya janye ƙafar, ya kasa ɗaga ido.

Ta durƙusa a jiƙaƙƙen yashi, gwiwoyinta ba su bar gurbi ba. Ta share kumfar sabulun, ta ciro ɗan dutsen niƙa daga zanenta, ta ɗora.

Ya zauna cif a kwarmin.