Bakwai Biyu a Layi Ɗaya

A wani gari an yi wata yarinya mai son wasan lambobi da ake kira sudoku. Kakanta ne ya koya mata, tun idonsa na gani sosai.

Wata rana ya ba ta wani mai wuya, ya ce, "Kin san lamba ba ta maimaituwa a layi ko a gida. To, wannan har daga kusurwa zuwa kusurwa ba ta maimaituwa."

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, sai a kwana na uku ta cike shi. Kaka ya yi ta murna, ya miƙe zai kai wa abokansa su gani.

Nan ta hango bakwai biyu a layin kusurwa. Kaka ba zai gani ba, abokansa ma ba za su lura ba.

Ta riƙe hannun rigarsa. "Kaka, tsaya. Ban gama ba, bakwai biyu na sa."

Tsohon ya yi murmushi, ya koma kan tabarma, ya matsa mata.

"Zauna, jikalle. Karanto mini lambobin, mu nemo wa ɗayar gidanta."