Gangar da Ke Amsa Sallama

Auta tana durƙushe a tsakar gida tana ɗauraye kwanuka lokacin da ta ji takun Dogo a bakin ƙofa. Ba ta ɗaga kai ba. Hannunta ne kawai ya tsaya cak a cikin ruwan kumfa, don ta san abin da zai biyo baya.

"Salamu alaikum."

Muryar Dogo mai kauri ce, irin wadda mutum yake ji a ƙirjinsa kafin ta kai kunne. Bai gama rufe baki ba ɗakin ƙurya ya amsa masa da wata siririyar ƙara, kamar an watsa yashi a faranti. Ɗakin Yaya ne, wan Auta, kuma shekara biyu ke nan da kwaɗo a ƙofarsa. Babu komai a ciki sai katifa da gangar da ya bari.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ja mayafi ta rufe kafaɗunta duk da zafin la'asar.

"Kun dai ji da kunnenku," ta ce. "Yaron nan har a kabari bai yarda da mutumin nan ba."

Baba yana kan benci a gefen ƙofar ɗakin, da buɗaɗɗiyar rediyo a cinyarsa, don gyaran rediyo ne sana'arsa. Bai dubi Gwaggo ba. Ya nuna wa Dogo tabarma da sukuddireba.

"Zauna. Daga wane gari kuka dawo? Faɗa mini tun daga farko."

Haka ake yi duk ranar da Dogo yake gari. Baba bai taɓa korarsa ba, bai kuma taɓa ce masa to ba. Sai ya tsare shi da tambayoyi har rana ta yi sanyi, ɗakin yana sa baki jefi-jefi. Idan aka tayar da maganar aurensa da Auta kuwa, amsarsa ɗaya ce: "Muddin ɗakin nan yana magana, ni ba ni da ta cewa."

Dogo shi ne mai kaɗa jita a ƙungiyar da ake kira 'Yan Farar Mota. Idan ba ku taɓa jin sunansu ba, ba laifinku ba ne, don babu gidan rediyon da ya san da zamansu, kuma su ma ba su taɓa zuwa roƙo ba. Su biyar ne da tsohuwar bas da sipika huɗu, suna bin ƙananan garuruwan da manyan mawaƙa ke wucewa da gilashi a rufe. Amma a waɗannan garuruwa ba a rasa musu ɗakin kwana, kuma tsohuwa da jikarta sukan rera baitinsu tare ba tare da kuskure ba. Yaya shi ne makaɗin gangarsu. A wata tafiya zazzaɓi ya kama shi, ya ɓoye, ya hau dandamali ya gama kiɗansa, washegari ya cika. A can aka binne shi, tafiyar kwana uku daga gida. Dogo ne ya dawo da gangar a kan cinyarsa, yadda mai ita ya bar ta, don a tsakaninsu babu mai taɓa saitin gangar wani.

Auta tana son Dogo, wannan ko makaho ya sani. Amma tsoro abu ne mai cin mutum a hankali. Ta daina shara a gaban ɗakin nan, ta daina shanya a igiyar da ke kusa da tagarsa. Ga Gwaggo kuma ba ta gajiya.

"Ke ba ki tambayi kanki ba? Mutum biyar suka tafi, huɗu suka dawo. Mai ruwa yana sallama a gidan nan, mai karɓar kuɗin wuta yana yi, ɗakin bai taɓa tankawa ba. Sai shi kaɗai. Me ya yi wa ɗan'uwanki da ba mu sani ba?"

"Gwaggo, don Allah ki bari."

"Na bari. Amma ranar da kika shiga ɗakinsa, abin nan zai bi ki."

Wannan maganar ce ta karya ta. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, sannan ta yanke shawarar sallamar Dogo da bakinta. Ranar Asabar da azahar ta nufi zauren wata makaranta inda suke gwajin sauti kafin wasan yamma.

Zauren babu kowa sai kujerun roba a jere, ɗari da wani abu, duk suna fuskantar gaba. An rufe tagogi, fanka ɗaya tana juyawa a hankali. Dogo yana tsaye a gaban makirfo, bayansa sabon makaɗinsu, wani mai furfura da suke kira Kawu, ya sunkuya yana ɗaure takalmi, hannunsa ko kusa da ganga bai je ba.

"Ɗaya, biyu. Ɗaya, biyu," in ji Dogo.

Sai ƙarar nan ta tashi. Ita ce, babu ko tantama, yashi a faranti. Auta ta dafe kujera. Ashe abin ba a ɗaki kaɗai yake ba, biye yake da shi duk inda ya je.

Kawu ya ɗago a fusace. "Kai Dogo, wannan murya taka ta ishe ni." Ya miƙa hannu gefen gangar ya sauke wani ɗan ƙarfe. Dogo ya sake magana, ƙarar ba ta ƙara tashi ba.

Auta ba ta san lokacin da ta hau dandamalin ba. "Kawu, me ka taɓa?"

Dattijon ya kifa mata gangar. A ƙarƙashinta akwai siraran wayoyi kwance a jikin fata. "Waɗannan ne, 'yata. In an ɗaure su, duk sauti mai kauri da ya gifta sai sun yi rawa. Shi ya sa makaɗi yake sakinsu in ya tashi. Dogo kuwa ko tari ya yi sai sun amsa."

Ta juya ta dubi Dogo. Ya kashe makirfo, ya sunkuyar da kai.

"Ka sani?"

"Tun ranar farko."

"Shekara biyu, Dogo! Ana kiranka mai kisan kai a gaban idona, ni ina kwana da tsoron ɗakin ɗan'uwana, kai kuma ka san waya ce? Kalma ɗaya fa ta ishe ka."

"Sori, Auta. Na cuce ki, na sani. Amma kin taɓa duban fuskar Baba idan ta yi ƙarar? Ke ɗakin kike kallo, ni shi nake kallo. Na tafi masa da ɗa na dawo masa da ganga. Wannan ɗan abin da ya rage masa, na kasa ce masa ƙarya ne."

"To ni fa?"

"Ke na ɗauka za ki iya jira. Ban san jiran yana cinki haka ba."

Ba ta tsaya kallon wasa ba. Tana fita ta tarar da layin mutane har bakin titi, wasu da kujerunsu a ka, ta ratsa su ta wuce gida.

Washegari da la'asar Baba ya fita sayen batir. Auta ta ɗauko makulli daga gwangwanin kusoshi ta buɗe kwaɗon. Warin rufaffen ɗaki ya buge ta. Ƙura ta rufe katifa, yanar gizo ta haɗa taga da bango. Amma gangar tana tsakiyar ɗaki a kan ƙafarta tana ƙyalli, ko ɗigon ƙura babu a fatarta, kuma daga ƙofa zuwa wurinta akwai sawun ƙafa, sabo a kan tsoho. Ta ja da baya, sai ta ji numfashin mutum a ƙeyarta.

"Sawuna ne," in ji Baba.

Ya shigo ya zauna a bakin katifar, ƙura ta tashi. Gwaggo ta leƙo daga nesa tana karanto duk addu'ar da ta zo bakinta.

"Baba, waya ce a ƙarƙashinta. Muryar Dogo ce take..."

"Shekara talatin ina gyaran sipika, Auta. Ke za ki gaya mini abin da ke sa waya rawa?"

Baba ya shafa gefen gangar.

"Kullum da safe kafin ku tashi nake goge ta, in duba ko wayoyin sun saki. Na san ba shi ba ne. Wanda ya tafi ya tafi. Amma idan ta yi ƙarar nan, sai in ji kamar yana ciki yana shirin fitowa ya ce mini yunwa yake ji. Na lissafa, in na ba Dogo ke, ke kin tafi, shi ma ya daina zuwa kullum, gidan nan ya mutu gaba ɗaya. Sai na riƙe ku duka biyun."

"Dogo ya sani, Baba. Shiru ya yi saboda kai."

Wannan ne Baba bai sani ba. Ya rufe fuska da tafin hannu ya yi kuka irin na manya, wanda ba ya da sauti. Da ya natsu, ya miƙa hannu da kansa ya sauke ɗan ƙarfen.

"Ki aika a kira shi. Ni zan nemi gafararsa, ba shi zai nemi tawa ba." Ya dubi ƙanwarsa. "Ke ma ki shirya taki."

Gwaggo ta ce ai ita dama tun farko ta ga yaron yana da hankali.

Cikin wata biyu aka ɗaura auren. Abu ɗaya Baba ya roƙa, a ba shi kujera a farar motar a tafiya ta gaba. Kwana uku yana zaune kusa da direba yana kushe yadda suke naɗe waya, har suka isa garin da ɗansa yake kwance. Ya yi zaton zai sha wuyar gane wurin. Sai ya tarar an share shi tas, an kewaye shi da duwatsu, ga wata tsohuwa mai sayar da itace tana jiransu a inuwa.

"Kai ne mahaifinsa?" ta tambaya. "Mu muke duba shi, gida-gida, kowa da makonsa. Ya kaɗa mana a bikin 'ya'yanmu, ba za mu bar ciyawa ta ci shi ba."

Baba ya durƙusa ya yi addu'a. Da ya tashi, ya kama hannun Dogo bai saki ba har suka koma mota.

Baƙin ciki ba laifi ba ne, amma wanda ya ɗaure masu rai don ya riƙe wanda ya tafi, zalunci yake yi ko da hawaye a idonsa. Dogo ya haƙura da zargin da kalma ɗaya za ta wanke shi, don kada ya karya zuciyar tsoho, Allah kuwa bai bar haƙurinsa ya faɗi ƙasa ba: ya ba shi matar da yake so, ya ƙara masa da uba.