Maganin Mai Shuɗiyar Ƙofa

Sufeto Kubat yana tsakiyar kurɓar shayi Talant ya faɗo caji ofis ko sallama babu, dusar ƙanƙara har gira.

"Yallaɓai, an sace maganin babana!"

Kowa a ƙauyen ya san halin da tsoho Toktosun yake ciki. Ciwon daji ya kwantar da shi, tun shigowar sanyi maƙwabta ke jin ihunsa ta katanga. Duk wata likitan iyali kan sabunta masa takardar maganin kashe raɗaɗi, Talant ya je ya karɓo. Ga shi ƙanƙara ta rufe hanyar birnin Narin, inda ake kawo maganin daga can. In wannan ƙunshin ya ɓata, tsohon zai ci gaba da shan azaba har ta narke.

A asibitin ƙauyen, Kubat ya tsare Nas Cholpon, Talant na tsaye a gefe.

"Wa kika ba?"

"Matar ɗan tsohon mana. Da safe ta zo, ta naɗe fuska da gyale."

"Ta faɗi sunan mara lafiyar?"

"Haba Yallaɓai, sai ka ce baƙo! Wace mace ce za ta kama sunan uban mijinta? Na ce na wa, ta sunkuyar da kai ta ce, 'Na mai shuɗiyar ƙofa.' Na sake tambaya, kunya kamar ta nutse. Nan na san 'yar gida ce."

"Ƙarya ne!" in ji Talant. "Matata tana Mosko tana aiki tun bara."

"Baba ba shi da wata matar ɗa?"

"Babu."

Talant na magana idonsa na kan takalminsa, ba kan Sufeto ba. Wayarsa kuwa sai ƙugi take a aljihu, ya ƙi ɗauka.

"Mu je gidanku," in ji Kubat.

Abin da ya fara tsayar da shi a shuɗiyar ƙofar gidan shi ne shiru. Babu ihu. Sai wani doki ɗaure a bayan garke, gashin ƙafafunsa ya daskare, gwiwoyinsa duk jini. Shedar da ke cinyarsa ta mutanen bayan dutse ce.

Kubat ya ɗaga kai ya dubi dutsen, fari fat, ƙoƙuwarsa ta shige gajimare. A wannan watan ko mafarauta ba sa kusantar mashigar da ake bi a ƙetare shi. Ikon Allah! Wane mai ƙarar kwana ne ya ƙetaro?

A ɗaki, ga tsohon da aka ce ba ya iya juyi yana zaune jingine da matashi, yana shan romo. Wata mata na durƙushe tana ba shi a baki, yatsunta sun yi baƙi don sanyi.

"Burul!" Talant ya ja da baya.

Sai a nan Kubat ya gane ta. Matar marigayi wan Talant ce. Shekarun baya, ana gama zaman makoki, wannan tsohon ya kore ta, wai farar ƙafa gare ta, ta koma wurin danginta a bayan dutse.

"Ke kika karɓi maganin?"

"Ni ce. Na buga wa maƙwabciyarsu waya, muna magana ina jiyo ihunsa. Na kasa cin abinci. Likita na rubutawa, ƙanin mijina na karɓowa, to ihun na mene ne?" Ta miƙo wata kwalba. "Ga abin da na tarar ana ba shi."

Kubat ya zazzage a tafin hannu. Ƙwayar ciwon kai ce, irin ta kanti.

Wayar Talant ta sake ƙugi. Sufeto ya zaro ta, ya amsa, ya kara a kunne.

"Kai Talant, ina kayan? Mutane na jira!" in ji wata murya.

Talant ya zube ƙasa.

"Sau ɗaya na yi niyyar sayarwa, wallahi. Sai masu sayen suka ƙi sakina. Na ce ai Baba tafiya zai yi ko da magani ko babu."

Tir! Kubat ya ga ɓarayi iri-iri, bai taɓa jin ƙyamar wani kamar wannan ba. Ya buga masa ankwa, sannan ya juya ga Burul, don doka doka ce.

"Yaya, sai kin faɗa da bakinki. Maganin wa kika karɓa? Sunansa."

Ta sunkuyar da kai.

"Yallaɓai, ka haɗa ni da shi ka ɗaure. Bakina bai taɓa ɗaukar sunan nan ba."

"Mutumin da ya kore ki?"

"Korata ya yi. Bai daina zama uban mijina ba."

Tsohon ya lalubo yatsun nan da sanyi ya ci, ya riƙe, hawaye na bin gemunsa.

"Toktosun," ya ce da ƙyar. "Na Toktosun ne. Kuma 'yata ce ta karɓo."

Kubat ya tasa ƙeyar Talant suka fita. Da suka zo gaban dokin ya tsaya, ya cire hularsa duk da sanyin, bai mayar ba sai da suka bar gidan.