Jifan Ƙetaren Rafi

Da hantsi rahoto ya iso wa Sufeto Mainasara a Bukkuyum: an tsinci gawar wani manomi, Lirwanu, cikin gonarsa ta dawa. Wanda ya kawo rahoton shi ne Ilu, maƙwabcinsa na gona, kuma da bakinsa ya ce shi ya yi jifan. Sufeto dai ba ya yarda da mai saurin amsa laifi.

"Tsautsayi ne, ranka shi daɗe," in ji Ilu. "Tsuntsaye ni ka kora da majajjawa daga ƙetaren rafi, dutsen ya same shi."

Kafin Sufeto ya isa gonar dangi har sun yafe, hanzarin jana'iza kawai suke yi. Hamsatu, matar mamacin, ita kaɗai ta ƙi.

"Yallaɓai, nan garin da hogen ƙasa a ka korar tsuntsu, ba da dutse ba. Kuma shekaranjiya sunka yi faɗa bisa iyakar gona."

Sufeto ya durƙusa kan gawar. Malfar Lirwanu na nan ɗaure a haɓarsa, samanta ko ƙwarzane babu. Raunin kuwa yana bayan kunne, can ƙarƙashin bakin malfar.

Ya sa aka kafa sanda a wurin, aka kifa mata malfa, ya tura Ilu ƙetaren rafi, taku ɗari da ashirin.

"To, jefa mu gani."

Jifa bakwai Ilu ya yi. Biyar suka faɗi a hanya. Biyun da suka iso, daga sama suka rikito, sun riga sun gaji.

"Ka gani ko?" Sufeto ya ce da shi bayan ya dawo. "Iska tana cin ƙarfin dutse. Yana tashi da gudu, amma in tafiya ta yi nisa sai ya faɗo kusan a tsaye, kamar kanya daga bishiya. Da daga can ka jefa, saman malfa zai buga. Wanda ya shiga ƙarƙashinta a miƙe ya zo, daga kusa."

"Wataƙila duƙawa ya yi," Ilu ya ce, yana share zufa.

Sufeto ya ɗauki dutsen mai jini da ke gefen gawar, ya taka taku goma zuwa inda aka jera duwatsun iyaka. Akwai gurbin guda ɗaya, ƙasarsa da danshi. Ya saka dutsen, ya zauna daram.

Ilu ya zube a ƙasa. "Iske ni ya yi ina matsar da iyaka. Ya juya zai kai ƙara wurin mai gari, ni kuwa na ji tsoron kunya, na jefe shi da dutsen."

Aka sa masa ankwa, aka nufi mota da shi. Dangin da suka yafe ɗazu duk suka sunkuyar da kai. Sai a lokacin Hamsatu ta fashe da kuka, ta ce da su, "Yanzu ku ɗauke shi ku yi mishi wanka."