Tsohuwar Kwarin Fakku

Bayan la'asar Zubair ya ɗaure buhun gero a babur, zai kai wa gwaggonsa Hinde a Fakku. Tsohon soja ne. Ya dawo Tambuwal daga dajin Borno da kunne ɗaya a mace, ya tarar babu ƙanensa Mannir. Acaba Mannir yake yi. Wata ranar kasuwa ya ɗauki fasinja daga Kebbe, ba a sake ganinsa ba, shi da babur ɗin. Ɗangiwa, mai gyaran babura a tashar Kebbe, ya bi kowa da rantsuwa cewa aljanun kwarin hanyar Fakku ne suka ɗauke shi.

A tashar Kebbe Ɗangiwa ya tare shi. "Soja, kwana nan. Masu kwarin can ba su son baƙon marece."

"Su faɗa min da bakinsu," in ji Zubair, ya taka babur.

Rana na gab da faɗuwa ya gangara kwarin. Babur ya yi tari, ya mutu.

Tsit. Ko tsuntsu babu. Sai wani wari ya taso, na albarushi da ƙonanniyar taya, warin da ya zaci ya baro a Borno. Cikin kunnensa da ya mutu ya ji an raɗa sunansa.

A gindin wata tsamiya tsohuwa na zaune, ta ba shi baya, tana tsefe kai. Gashin ya zubo ya bi yashi har gaban tayarsa. Da ta buɗe baki, muryar Abdu ce ta fito, abokin aikinsa da nakiya ta tashi da shi.

"Koma, Zubairu."

Ya cije, ya sauka, ya tsaya.

"Abdu ni na binne shi da hannuna. Aje muryar ga, ba taki ba ce. Ina ƙanena?"

Tsifar ta tsaya. Kanta ya juyo. Jikin bai juyo ba.

Inda idanu ya kamata su zauna, fata ce sumul.

"Ba mu taɓa shi ba," ta ce, murya kamar ana jan busasshen kara. "Ɗan Adam ya kashe, ya jefa muna rijiya, ya laƙa muna laifi. Mai baƙin mai a farce."

Dogon yatsanta ya nuna bayan ƙaya, inda rijiyar take.

"Gobe za ni zo in ɗauki ɗan'uwana," in ji Zubair.

"Ka ga fuskata. Wa ya ce maka kana da gobe?"

Gashin ya naɗe ƙafarsa. Sanyi har ƙashi.

Aka fizge shi. Yashi ya cika masa baki.

Ya zaro wuƙa daga ƙugu, ya ɗaga murya da Ayatul Kursiyyu, yana yanka. Gashin na tsuwa kamar jinjiri.

Tsamiyar na matsowa.

"Ban mutu can ba, ba ni mutuwa nan!"

Daga can nesa ladan ya ɗaga kiran magariba. Riƙon ya sassauta. Zubair ya finciki ƙafarsa, ya bar babur da gero, bai waiwaya ba har ƙofar Gwaggo Hinde.

Washegari ya koma da 'yan sanda da igiya. Shi ya shiga rijiyar da kansa, ya fito da ƙasusuwan Mannir a naɗe cikin rigarsa. A bayan shagon Ɗangiwa aka sami babur ɗin Mannir, an sake masa fenti. Tun a ofishin 'yan sanda Ɗangiwa ya amsa laifi, yana roƙon a kori tsohuwar da ke zaune bakin ƙofa. Babu wanda ya gan ta.

Baƙar shaida ta zagaye idon sawun Zubair, ta bar masa ɗingishin da bai rabu da shi ba. Gwaggo Hinde ta yi kuka ta roƙe shi ya sake hanya, ya ƙi. Har yau ta kwarin yake bi. In ya zo daidai tsamiyar sai ya rage gudu ya yi sallama.

Wani lokacin ana amsa masa.