Lemun Tsamin da Ponmani Ta Kai Gidan Dattijo

Kasko na biyu ke nan Ponmani take ƙonawa. Man kwakwa sai hayaƙi yake, wainar shinkafar da ya kamata ta fito ja ta fito baƙa ƙirin, ita kuwa idonta na kan wayar da ta jingina da kwalbar gishiri.

"Ke, in gidan za ki ƙona ki faɗa min in kwance akuyoyi," in ji yayarta Jeyasili, ta fizge ludayin. "Gobe sabuwar shekara, gawayi za mu ba baƙi?"

"Yi haƙuri, Akka," in ji Ponmani, wato Yaya.

"Haƙurin nan naki ne ya kawo mu inda muke. Me malamin naki ya ce?"

Malamin shi ne Selvin, mai koyarwa a firamaren ƙauyensu kusa da Nagarkoil, mai jan waƙa a coci. Shekara uku ke nan yana neman Ponmani, kuma babansa Arulappan, dattijon ikilisiya, bai taɓa cewa a'a ba. Ai da ma a'ar ya ce, da an san inda aka dosa. Duk ƙarshen shekara sai ya ɗauki azumi, ya rufe kansa a ɗaki yana neman nufin Allah, ranar sabuwar shekara ya fito da fuska a sanyaye ya ce, "Ubangiji bai yi magana ba tukuna, mu ƙara jira." To wa zai ja da mutumin da ya ce Allah yake jira? Alhali har kajin unguwa sun san zancen: Tangaraj, mahaifin Ponmani, ya taɓa kayar da shi a zaɓen kwamitin coci. Tangaraj ya rasu bara, amma gabar tana nan da ranta.

Ƙarar babur ta tsaya a bayan gida. Ponmani ta goge hannu a gefen zanenta ta fita wajen ayaba, ta tarar da Selvin ko hular kwano bai cire ba.

"Na sayi tikiti," ya ce. "Gobe bayan sujada, bas ɗin rana zuwa Madurai. Abokina ya gama shirya komai a ofishin rajistar aure."

"Babanka fa?"

"Yana ɗaki yana azumi. Ni da ke mun san abin da zai fito ya faɗa. Ponmani, na gaji! Mutum ya tsufa a layi kamar mai jiran kananzir?"

"Mamanka za ta iya shiga coci bayan mun gudu?"

Ya kau da kai. "To ki zaɓa. Ko bas ɗin, ko ki karɓi aikin jinyar nan da aka ba ki a Delhi mu rabu. Shekara ta huɗu dai ba zan iya ba."

Ya tafi ya bar ta. Ta shiga ɗaki ta fito, ta ɗauko jaka ta mayar, ta share tsakar gidan da aka riga aka share. Tana sonsa, so mai ciwo, kuma tsoro ya kama ta, domin ta ji ƙafarta na son bin bas ɗin nan.

Da la'asar ta durƙusa gaban gadonta. Ta buɗe baki za ta fara addu'ar da ta saba, sai ta ji ta da kunnenta: ka ba ni Selvin, ka karya zuciyar tsohon nan, ka yi shi bana. Shekara uku ba ta taɓa tambayar Ubangiji abin da yake so ba, aike kawai take ba shi. Ashe ita da tsohon jirgi ɗaya ne, shi ya shiga ɗaki da a'arsa, ita ta shiga da e ɗinta, kowa na jiran Allah ya sa hannu. Kunya ta rufe ta. Ta daɗe tana kuka kafin bakinta ya yarda ya furta, "Ya Yesu, in ba nawa ba ne, ka ba ni ƙarfin sakinsa." Ba ta ji wata murya ba, ba ta kuma ji daɗi ba. Ta dai tashi ta je bishiyar babanta ta tsinko lemun tsami guda ɗaya.

Washegari bayan sujadar safe jama'a suka yi layi a barandar Arulappan kamar kowace shekara. Kowa zai miƙa lemun tsami, ya durƙusa, dattijo ya zana masa gicciye a goshi da babban yatsa ya yi masa addu'a da ƙarfi. Rabon Ponmani da layin nan tun kafin rasuwar babanta. Da aka gan ta, hira ta mutu.

"Kin haukace?" Jeyasili ta raɗa mata. "Gaban mutane zai yarfa ki."

Selvin na tsaye bakin ƙofa, jakarsa ɓoye bayan babur, yana yi mata alama da ido. Ba ta dube shi ba, don ta san in ta duba ta rushe. Ta ajiye lemun a tafin tsohon ta durƙusa.

"Periyappa," ta kira shi yadda yaran unguwa ke kiransa, babban uba, "ban zo roƙon ɗanka ba. Ba zan fitar da shi daga gidanka ta ƙofar baya ba, ko da ya yarda. Na yi addu'a jiya, na sake shi. Zan tafi Delhi aiki. Ni marainiya ce, ba ni da uban da zai sa min albarka. Ka roƙa min Ubangiji ya nuna min nufinsa, ya kuma ba ni kunnen ji, don ni ban iya ba."

Da gaske take, kuma tsohon ya ga da gaske take. Da baƙar magana ta zo da ita, da ya san yadda zai yi da ita. Ya ɗaga yatsa.

"Ya Ubangiji, ga baiwarka..." Ya tsaya. Ya sake farawa, "Ya Ubangiji, kai da ba a ɓoye maka..." Addu'ar ta maƙale.

Matarsa Rosammal, wadda ta yi shekara uku tana dafa masa kunun buɗe baki ba ta ce uffan ba, ta leƙo daga ƙofa. "Ka ƙarasa mana. Yarinya na durƙushe kan siminti, shi kuma wanda kake kira yana jinka."

Arulappan ya dubi lemun da ke hannunsa, ya juya shi, ya kai hanci.

"Na bishiyar Tangaraj ne," ya ce a hankali. "Ni na ba shi dashen, lokacin muna aminai, muna cin abinci a ganyen ayaba ɗaya." Hawaye ya gangaro cikin farin gashin bakinsa. "Jama'a, ku ji. Ubangiji ya yi magana tun shekarar farko. Duk azumin da na shiga, abu ɗaya nake ji: je ka shirya da ɗan'uwanka. Na toshe kunne har aka binne shi, na fito ina ce muku Allah ne ya yi shiru. Na ɗora masa abin da yake nawa."

Rosammal ta fara shessheƙa.

"Selvin, zo nan. Ka bar jakar nan da kake zaton ban gani ba."

Selvin ya zo ya zube gefen Ponmani, kunya kamar ƙasa ta tsage. Tsohon ya zana gicciye a goshinta, ya zana a nasa, ya haɗa hannuwansu a kan lemun. Addu'ar da ta maƙale ta fito, doguwa, har yara suka fara mutsu-mutsu.

"To sai a zo gidanmu a ci waina," in ji Jeyasili tana share ido da bakin mayafi. "Rabinta ya ƙone, amaryarku ce ta soya, kada ku ce ban faɗa muku ba."

An ɗaura auren kafin azumin Ista, a cocin, ta ƙofar gaba. Masu karatu, neman nufin Allah ba shi ne ka shiga ɗaki da amsarka a aljihu ba, ko kai yaro ne ko mai furfura. Ponmani ba ta samu Selvin ba sai ranar da ta buɗe hannu ta sake shi. Shi kuwa dattijo, da yammacin ranar sabuwar shekarar aka gan shi ya nufi maƙabartar coci shi kaɗai, ya ajiye lemun tsamin a kan kabarin Tangaraj, ya daɗe a durƙushe.